Bargon Jikan Malama

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Ya nauyin jiki, ya maigidan? Ya ƙarin haƙurinmu?

Mun binne Mama ranar Asabar. Ki daina zargin kanki, likita ne ya hana ki doguwar tafiya da cikin nan. Cocin ya cika maƙil. Tsofaffin ɗalibanta sun zo, wasu har da furfura, na ga wani direban babbar mota yana ɓoye farcensa a aljihu kamar za ta tashi ta duba. Fasto ya ce tun kafin a haife mu take share cocin, ba ta taɓa bari an gode mata a gaban jama'a ba.

Kin roƙe ni bargon ƙyallaye na ɗinkin hannunta, don ki naɗe jaririnki. Yaya, na birkice ɗakinta kaf, babu ko ɗaya. Kin san halinta. Duk jaririn da aka haifa a ƙauyen nan sai ta ɗinka masa, mu kuwa muka girma muna jayayya a kan bargon kasuwa guda. Amma ta taɓa gaya mini ta ware ƙyallayen jikanta a buhu, a ɗakin ajiyar coci inda take ɗinki saboda hasken tagar. Zan ɗauko, ko da karkataccen ɗinkina ne in haɗa miki.

Ki kula da kanki.
Ƙanwarki, Auta

Yayata,

Ina gaishe ki. Da fatan kumburin ƙafar ya sauka.

Ban san ta inda zan fara ba. Buhun ya ƙone. Matan da Mama ta koya wa shara sun yi wa cocin gyara na musamman don karrama ta, kuma ita ce ta horar da su kada a bar tarkace ko a lungu. Suka ga buhun tsummoki, suka haɗa da busasshen ganye suka cinna wuta. Da na yi musu bayani, babbarsu ta zauna a ƙasa tana kuka, har ni na koma ina ba ta haƙuri.

Sai na shiga bin gidaje ina neman ko tsoho ne. Wani an yayyanka shi an yi wa yara kunzugu, wani an toshe tagar ɗakin kaji da shi. Da tsofaffin kaya take ɗinki, ba sa jure wanki. Kowa sai yabonta yake, amma ba wanda ya adana. Makarantar da ta koyar ma an ce za a haɗe ta da ta gari, har an kwashe bencunan. Na leƙa ajinta, allon kawai ya rage, an goge shi tas. Ina jin kamar ana share Mama daga ƙauyen nan da irin tsintsiyarta.

An ce akwai guda wurin tsohon mai gadin makaranta. Can zan nufa.

Taki, Auta

Yayata abar ƙaunata,

Barka da sauka lafiya. Ya jego, ya ɗan baƙon namu? Allah ya raya mana shi.

Na je wurin mai gadin. Shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi, ɗakin ba komai sai gado da bokiti. Bargon na jikinsa, sabo, shi ne na ƙarshe da Mama ta gama. Na gane shuɗiyar rigar marigayi Baba a tsakiya, da zanen da take ɗaurawa ranar rabon sakamako, har da ɗan yankin rigarki ta makaranta mai tabon tawada.

Na buɗe baki zan roƙa, sai ya riga ni. Ashe ba wanda ya gaya masa Mama ta rasu. Ya kama hannuna ya ɗora a gefen bargon ya ce, "Auta, ki ce wa Malama nan ya fara warwarewa. In ta zo ranar Lahadi ta taho da allura."

Na ce masa to. Na gyara masa rufar, na fito.

Ba zan iya raba shi da shi ba, Yaya, kuma zuciyata ta kasa daina son in raba shin. Ga bargo nan na aiko miki, na kanti ne, mai hoton agwagwa. Ki wanke kafin ki rufa wa yaron, warin leda yake yi.

Allurarta tana wurina. Ranar Lahadi zan je, ban san me zan ce masa ba.

Ƙanwarki, Auta