Na Ƙi Sa Hannu

Yaya Ubale,

Assalamu alaikum. Ya ƙafar Inna? Ya yara? Ni lafiya lau, sai dai abinci ya ƙi shiga.

Kuna alfahari ni ce mace injiniya ta farko a ma'aikatarmu ta gyaran jiragen ruwa a Owendo, kusa da Libreville. To, ranar Litinin na ga tsaga a gindin wani jirgin fasinja. Oga ya ce, "Sa hannu, lafiyarsa ƙalau." Na ƙi. Jiya wasu maza biyu suka zo unguwarmu suna tambayar ƙofata.

Kada Inna ta ji. Alhamis jirgin zai ɗauki mutum ɗari biyu. Zan je tashar in gaya wa fasinjojin da bakina. A taya ni da addu'a, Yaya.

Ƙanwarka,
Sajida, Libreville