Na Sa Tsohuwa Motar Tabalak

Assalamu alaikum mai shafi, da ku masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma a yi mini a hankali, zagin da nake wa kaina ma ya ishe ni.

Da can direban kamyo ne ni, wato babbar motar kaya. Lome, Kwatano, Abijan, duk na taka. Hatsari ya lalata mini ƙafa, sai uban tasharmu nan garin Tawa ya tausaya ya ba ni aikin lodi, ina kiran fasinja ina nuna musu mota. Gaskiya jikina kawai ke tashar. Bakina na kiran fasinjan Takanamat, ni kuwa ina bakin teku a Lome, na tuɓe takalmi, wata mata na gasa mini kifi. Abokan aiki har tsiya suke mini, wai direban Lome ya iso ko yana kan iyaka? In yi dariya, amma raina ɓaci yake.

Rannan da hantsi ina cikin wannan shirmen wata tsohuwa ta taɓa mini riga. Hausarta da harshen Tamashak na Buzaye a ciki. Ta ce, "Ɗana, Tebaram za ni, ƙanwata ba lahiya." Wallahi na ji ta sarai. Amma hankalina na wurin kifi, na ɗauki ƙullin kayanta na sa ta motar Tabalak, har da ce wa direba ya ba Inna wuri mai kyau. Ta yi ta sa mini albarka. Sai da motar ta ɓace na farga, kuma na yi shiru. Ina da lambar direban fa. Me ya hana ni kira? Tsoron a ce gurgun nan ko lodi bai iya ba.

Can ta kwana, ba motar dawowa. Kafin ta kai Tebaram an rufe ƙanwar.

Bayan sadakar bakwai ɗanta ya zo tasha yana huci, ita tana biye. Na ce yau tawa ta ƙare. Ya tambaya wa ya yi lodin, kafin in buɗe baki ta ce, "Bar yaron mutane, ni ce harshena ya karkace. Wataƙila Tabalak ɗin na hwaɗi." Ya dube ni ya ce, "Malam, haka ne?" Na ce, "Haka na ji." Ni da furfurata.

Tun daga nan ya yanke cewa ta fara ruɗewa, ya hana ta fita ita kaɗai, ko kasuwar Lahadi. Matar da aka ce ita ke zaga dangi da ƙafarta, suna da biki da gaisuwa. Jiya ya biyo da ita za su likita, ta rame ƙwarai. Ta gane ni, ta matso ta ce a hankali, "Ɗana, hwaɗa mini tsakani da Allah, kaina ya taɓu ne? Ni dai Tebaram nake tunawa na ce." Ɗan ya ja hannunta, suka wuce.

Abin nan yana cina, abinci ma ba ya shiga. In na faɗi gaskiya aikin ya tafi, kuma wa zai ɗauki mai ƙafa ɗaya da 'ya'ya a gida? In na yi shiru, baiwar Allah nan za ta ƙare kwanakinta a ɗaka tana zargin hankalinta, alhali lafiyarta lau. Jibi za su dawo ta tasharmu, kuma na san za ta sake tambayata.

Jama'a, me zan yi?