Sun Ba Ni Makulli, Ba Su Duba Lasisina Ba

Gwaggo mai filin shawara, ki taimake ni, magana ta tsaya mini a maƙoshi.

Ni direba ne, karatuna bai wuce firamare ba. Shekara biyu ina zaman benci a bakin gareji, sai wani ya rasa direba a kira ni. Yayata ce mai ilimin gidanmu. Tana aiki a ma'aikatar lafiya, tana cikin kwamitin da ke rubuta dokar hana sayar da sigari kusa da makarantu. Tarin taba ne ya yi ajalin mahaifinmu, shi ya sa ta riƙe aikin nan kamar ranta.

Makon jiya wani kamfanin taba ya aiko kirana, wai suna neman direba. Ban nema ba, amma na goge riga na je. Gwaggo, na sha zuwa neman aiki: a ce ka yi ribas, ka buɗe bonet, ka duba mai. Waɗannan ko lasisina ba su karɓa ba, yana hannuna har ya jiƙe da gumi. Sau huɗu manajan yana tambayar lafiyar Yaya, na ƙirga. Har ya san motarta ba ta tashi da safe sai an tura. Ya ce ba laifi in riƙa kai ta ofis da tasu. Sai ya turo mini makulli.

Na ce a raina, banza ba ta kai zomo kasuwa. Na tura masa abinsa, na yi godiya. Da ƙafa na dawo, amma wallahi ji nake kamar an naɗa ni sarauta.

A gida na ce gwaji na faɗi. Inna ta tashi ta shige ɗaki, ranta a ɓace. Iyayen budurwata jira suke in sami aiki su sa rana. Yaya kuwa, wadda na yi dominta, cewa ta yi in ƙara koyon fakin. Ni! Ina tsoron in na faɗa mata, maganar ta fita a ce kamfanin taba ya saye gidanmu, a cire ta daga kwamitin. In faɗa ko in haɗiye?

Naki, Direba Mai Jiran Rabo

Ɗana, da farko barka. Masu digiri da yawa sun ɗauki irin wannan makulli ba su ga igiyar da ke jikinsa ba.

Tsoronka yana kan hanya, tsegumi na iya taɓa yayarka. Amma ka lura, sirrin ba naka kaɗai ba ne. Manajan ya san ka zauna a ofishinsa. Gobe in dokar ta matse su, ana iya cewa ƙaninta ya je neman alfarma, ita kuma ba ta da amsa. Ka same ta yau. Ka faɗa mata ranar, da wanda ka gani, da abin da ya ce. Ita za ta kai wa shugaban kwamiti a rubuce da hannunta. Abin da mutum ya bayyana da kansa ba ya zama makami a hannun wani.

Sannan ku je wa Inna tare, kada ka bar ta da baƙin cikin ƙarya. Budurwarka ma ta ji daga bakinka, ta san wa za ta aura. Aiki kam zai iya jinkiri, ba zan ruɗe ka ba. Amma ka ci gaba da nema inda za a ce ka yi ribas, can ne ake son tuƙinka.

Allah ya kawo makulli na halal, ka kai Yaya ofis, ka yi fakin a gabanta ta gani.