Ciyawar da Baba Ya Dasa

Zuwa ga Yayana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya aiki, ya kuma haƙurin rashin Baba?

Kan tankin kifinsa na falo nake rubuto maka. Ka tuna ƙaramin tankin da ke cikin kabad ɗin ƙasa, inda yake noman ciyawar teku? Ruwan gishirin kifin yana gangarawa can, ciyawar ta tsotse dattinsa, famfo ya mayar da shi sama. Amma sai ana yanke ta ana zubarwa, domin a jikinta dattin yake barin tankin. Tun rasuwarsa ba wanda ya taɓa ta. Ta cunkushe, hasken fitila ba ya kaiwa ƙasanta, ƙasan ya yi fari ya fara ruɓewa. Na auna ruwan, na sake aunawa don kada na yi kuskure: dattin ya ninka huɗu. Ƙananan kifayen sun mutu. Ɗan Gayu, rawayan kifin nan da Baba ke hira da shi, ya daina ci.

Da na ɗauko almakashi sai Mama ta tare ƙofar kabad. Ta ce, "Auta, hannunsa ne ya dasa ta. Digirinki bai kai nan ba."

Kullum a gaban tankin take wuni. In Ɗan Gayu ya tafi, ban san me za ta riƙa kallo ba. Ya zan yi?

Ƙanwarka,
Auta

Auta sarkin awo,

Ina amsawa, ki gaida Mama. Ke ma dai! An kai ki jami'a kin karanci halittun ruwa, ciyawa ta gagare ki? Ranar da Mama za ta je asibiti ki yanke rabi, ki rufe kabad, ki yi shiru. Ba leƙawa take yi ba. Kada ki bugo mini waya kina kuka, ni ma daurewa kawai nake.

Yayanki

Yaya,

Ina gaisuwa. Mama tana leƙawa. Kowace safiya sai ta durƙusa ta buɗe, don haka ban bi shawararka ba. Jira na yi har ta buɗe, na sa hannu na juyo mata ƙasan ciyawar. Warin ya cika falo. Ta miƙo hannu, ta ce, "Miƙo almakashin." Ita ta yanke, ni ina riƙe da bokiti. Ba ta yarda an zubar ba. Ta shanya ta a tagar ɗakin Baba.

Na canza ruwa, dattin ya fara sauka, amma mun makara. Ɗan Gayu ya mutu washegari.

Tankin ba kifi yanzu, sai famfo da ke aiki. Na zaci za ta ce a kashe shi. Ɗazu ta kira ni daga kujerarta, idonta a kan gilashin, ta ce, "Auta, yaushe ne yanka na gaba?"

Ka huta lafiya.
Auta