Kalangun da ke cikin waƙoƙin Bashiru

Assalamu alaikum Yaya Sani,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Hajiya da yara. Yaya Legas, yaya kasuwa? Mu nan Mafara lafiya lau, alhamdu lillahi.

Albam ɗin da ɗanka Bashiru na wajena ya fitar ya jawo magana. Wani mai sharhi a rediyo ya ce murya ta yi, amma kalangun da ya sa ƙauyanci ne, wai kiɗan mahauta. To, ai mu ne mahautan! Da wuƙar nan na gina gidana, ba wanda ya ba ni bulo guda.

Ran kasuwa na leƙa wurin masu tura waƙa a waya. Samarin Bakura da Maradun sun yi layi, kowa cewa yake, "Sa min mai kalangun nan." Da kunnena na ji.

Amma yaron ya karaya, ran Juma'a zai koma Kano inda aka ɗauki waƙoƙin, a cire kalangun. Na hana, ya ƙi ji. Maganarka yake ji, Yaya, don Allah ka kira shi. Gaya masa in ya cire, mu ya cire.

A sa mu cikin addu'a. Gaida Hajiya da su Kabiru.

Ƙaninka,
Alhaji Mamman