Koriyar Awara

Daren Laraba, Karaye

Na gaji liƙis, amma sai na rubuta wannan. Shekara bakwai ina suyar awara iri ɗaya har ta gundure ni. Yau da hantsi, lokacin da na saba ɓatawa a waya, na daka zogale na zuba a ƙullun wake, kwano guda cur. Awarar ta fito koriya shar.

Goggo Dije, ƙanwar babana, ta leƙa kaskon ta ce, "Ke Rabi, wa zai ci abu kamar gansakuka? Kin ɓata wake."

Na miƙa mata ɗaya da yaji. Kafin la'asar tire ya zama wayam. Ɗazu Goggo ta kawo kwanonta, wai gobe in ajiye mata biyar, kada kuma in rage zogalen.