Takardun da Baffa Ya Ƙi Sa wa Hannu

Kiyawa, Jihar Jigawa.

Zuwa ga ƙanena Zuhair,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Fiddausi da 'yar jaririyarku. Allah ya ƙara muku lafiya, ya sa albarka a karatun da ya kai ka Masar. Mu nan alhamdu lillahi. An gama yankan gero, Inna kuma ta samu sauƙin ƙafarta har ta koma faɗa da kaji. Na rubuta wannan a takarda, ƙanwarmu Khaulat za ta ɗauki hotonta ta turo maka, don na lura in muka haɗu a waya ni da kai ba abin da muke iya faɗa sai lafiya lau.

To, ba lafiya lau ba ne. Kumburin nan na muƙamuƙin Baffa da na ce maka ciwon haƙori ne, ba shi ba ne. Tun damina muke fama da kanumfari da ruwan gishiri. Da turamensa biyu suka fara girgiɗa, ya sa aka cire masa su a kasuwa, ya naɗe su a ƙyalle ya binne a gindin dalbejiya, kamar yadda ka san yana yi da farce da gashi. Kumburi bai saɓe ba. Ya daina tauna tuwo, ya koma kunu da fura, ya kuma riƙa jan rawani yana rufe wajen. Ni da nake kai masa abinci kullum na ga duk wannan na yi shiru, kuma abin yana ci min rai har yanzu.

Makon jiya ƙanenmu Ɗayyabu ya kai mu asibiti a Dutse. Wata likita, Dakta Lauratu, ta sa aka ɗauki hoto, ta nuna mana ƙashin ya zama rami-rami daga ciki kamar saƙar zuma. Bayan gwaji ta ce tsiro ne daga ƙwayoyin halittar da suke gina haƙori. Ba irin mai yawo a jiki ba ne, amma ba zai daina cin ƙashin ba sai an yanke wajen a Kano an sa ƙarfe. Ta ce in an yi yanzu akwai kyakkyawan zato, in an jinkirta sai abin da za a yanke ya ƙaru. Sai ta kawo takarda biyu. Ɗaya ta amincewa da aiki, ɗaya ta neman izini su ajiye ɗan yanki na abin da aka cire don masu bincike su duba. Ta faɗa har sau uku cewa ta biyun ba dole ba ce.

Ka san Baffa. Yana jin za a ajiye naman jikinsa a kwalba ya ture takardun duka biyun, ya nemi takalmansa. Ya ce mutumin da bai yar da haƙorinsa a kasuwa ba, ba zai bar ƙashinsa a kan kantar wasu ba, jikin nan amana ne, ƙasa kuma ita ke da shi. Ya ce mutanen da suka iya roƙon irin wannan bai yarda su taɓa shi da wuƙa ba sam. Mutumin da ya shekara arba'in yana buɗe bakin shanu a kasuwar kara yana ƙirga musu haƙora ba tare da ya nemi izininsu ba, yau an nemi nasa ya yi fushi. Na so in yi dariya, kuka ya riga ta.

A mota ne bakina ya suɓuce. Na ce masa ai wannan shi ne aikin Zuhair. Ashe duk shekarun nan shi a zatonsa haƙori kake cire wa Larabawa. Na gaya masa iya abin da na sani, cewa kana yanka irin wannan tsiro siriri-siriri kana dubawa a madubin likita don a gano abin da ke tayar da shi. Muka ci gaba da tafiya har muka wuce Shuwarin. Can ya tambaye ni naman su wa kake dubawa. Na ce na waɗanda suka yarda. Ya daɗe yana kallon gonaki, sannan ya ce ashe uban wani ne ya ba da naman jikinsa har nasa ɗan, wato kai, ya samu ilimi.

Jiya bayan la'asar ya kira ni. Ya ce ba zai sa hannu a ko ɗaya ba sai ya ji daga bakinka abu biyu: in ka gama dubawa me kake yi da ragowar, kuma kana sanin cewa na mutum ne ko kuwa ka manta. An ba mu ranar Alhamis mai zuwa a Kano. Zuhair, ina jin tsoro. Ban roƙe ka ka lallashe shi da abin da ba haka ba, don zai gane, kai ma ka san zai gane. Ka gaya masa gaskiya ko da ba ta da daɗi. In ya ƙi takarda ta biyu ba komai, ta farkon nake nema.

Abu ɗaya kuma da ban gaya masa ba tukuna. Likitar ta ce bayan aiki zai yi watanni kafin maganarsa ta fita sosai, wataƙila ma karatunsa na asuba ba zai koma yadda muka saba ji ba. Don haka in ka kira, kada ka ce kana sauri. Ko labarin bijiminsa na Garki ya ɗauko, wanda muka ji sau ɗari, ka bar shi ya kai ƙarshe.

Inna tana gaishe ka, ta ce a shafa mata kan jaririya. Ɗayyabu da Khaulat da Goggo Adama ta Aujara duk suna gaisuwa. Ka gai da Fiddausi da kyau. Allah ya ba Baffa lafiya, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Taka yayarka,
Hindatu Modibbo